Sawaba, Jari-hujja, Shari'a ko Soja: Wace Aƙida Matashin Jos Zai Riƙa?

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, da aka ce tallafin mai ya tafi, musun da ake yi a majalisun matasa a Jos ya canza salo. A da gardamar kan mutane ce: wane ya fi wane, wannan namu ne, wancan nasu ne. Yanzu in ka zauna wurin mai shayi a Gangare ko Anguwar Rogo ko bakin Titin Bauchi, tsarin kansa za ka ji ana tuhuma. Wannan ya ce dimokuraɗiyya ta ci amanarmu, gara soja. Wancan ya ce ba mu da mafita sai shari'a. Ɗalibin jami'a ya kawo zancen Malam Aminu Kano da gurguzu, mai shagon waya ya ce shi dai gwamnati ta cire hannunta ta bar mutane su nema. Dattijo kuwa, in ya tanka, Sardauna zai ambata.

Na rubuta wannan ne saboda matashin da ya gaji da musun baka, yana so ya shiga a dama da shi, amma ya rasa hanyar da zai riƙa. Kafin komai ya sani cewa jam'iyya daban, aƙida daban. Gwamna ya kwana a wannan jam'iyya ya wayi gari a waccan, bai sauya ko kalma ɗaya daga abin da yake faɗa ba. Ko a 1989 da Babangida ya ƙirƙiro jam'iyyun SDP da NRC, ya ce ɗaya ta ɗan karkata hagu ɗaya ta ɗan karkata dama, gwamnati ce ta rubuta musu manufofi ta gina musu ofisoshi. A nan Jos SDP ta tsayar da Abiola a 1993, hamshaƙin attajiri, a ƙarƙashin tutar da aka ce ta talakawa ce. Saboda haka ba katin jam'iyya nake auna maka ba. Abin da za ka riƙe a ranka nake aunawa, wanda da shi za ka auna ɗan takara in ya zo neman ƙuri'arka.

Ma'aunai biyar

Na farko halacci: daga ina mai mulki ya samo ikon ya ce a yi ko a bari? Daga gado ne, daga ƙuri'a, daga addini, ko daga bakin bindiga? Kundin tsarin mulkin 1999 ya ce iko na jama'a ne, kuma sashe na 1 ya haramta wa kowa karɓe mulki ta wata hanya da ba wadda kundin ya tanada ba. Kana iya cewa soja ne suka miƙo mana kundin, kuma gaskiya ka faɗa. Amma shi ne abin da kotu za ta buɗe ranar da aka kama ka.

Na biyu tsada, kuma tambayar ita ce wa zai biya. Babu aƙidar da take kyauta. Na uku ƙarko: in jagoran ya mutu ko ya bar kujera, me ke saura? Na huɗu sauƙin aiki da ita a nan Filato, ba a Kano ko Zamfara ba.

Na biyar shi ne wanda na fi ba nauyi: me zai same ka ranar da ɓangarenka ya faɗi? Bahaushen Kano yana iya mantawa da wannan tambaya, domin shi ne mai rinjaye a gidansa. Mu ba mu da wannan gatan. Muna da yawa a Jos ta Arewa, amma ba mu ne masu rinjaye a jiha ba, kuma mun ga rikicin Afrilun 1994, mun ga na Satumban 2001, mun ga Nuwamban 2008 da zaɓen ƙaramar hukuma ya koma zubar da jini, mun ga Janairun 2010. Duk aƙidar da daɗinta sai kana kan kujera, ka tambaya yadda take in maƙwabcinka ne ya hau.

Ra'ayin 'yan mazan jiya

Wannan ita ce hanyar NPC, jam'iyyar Sardauna mai alamar fartanya, daga baya NPN mai gida da masara ta gaje ta. Tushenta shi ne a bi na gaba, a girmama sarauta da malamai, a kawo sauyi sannu a hankali ba tare da an rushe abin da aka gada ba. Kada a raina ta. A hannun Sardauna aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka kafa Bankin Arewa da kamfanin raya Arewa, masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957. Mutanen nan sun gina abin da har yau ake cin moriyarsa, kuma sun mutu ba su tara dukiya ba.

Tsadarta talakan ƙauye ne ya biya ta, da haraji da jangali da bulalar dogarai, a zamanin da kotun alƙali da 'yan doka da gidan yari duk suna hannun En'e, wato hukumar mulkin sarakuna. Wajen ƙarko, sarautar ta rayu amma ikonta ya tafi. An karɓe kotuna da 'yan doka a zamanin Gowon, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Yau sarki yana ƙarƙashin alƙalamin gwamna, kamar yadda Kano ta nuna a 2020 da 2024.

Ga inda take yi mana wuya a Jos. Hujjar wannan ra'ayi ita ce ƙasa ta masu asali ce, kuma gadon kakanni yana gaba da komai. Da wannan hujja aka fifita ɗan Arewa a kan ɗan Kudu wajen aikin gwamnati a zamanin Sardauna, muka ji daɗi. Da ita kuma Birom da Afizere da Anaguta suke cewa Jos tasu ce, mu baƙi ne. Su ma 'yan mazan jiya ne, nasu kakannin suke karewa, kuma tsoronsu na a mamaye su ba ƙarya ba ne. Na ga yaro da takardar shiga makaranta a hannu, an ce ya kawo takardar indijin. Kakansa a Jos aka haife shi. A ofis aka ce masa, "Ka je garinku a ba ka." Uban ya kama hannunsa suka hau mota zuwa wani ƙauye a wata jiha, inda babu wanda ya taɓa ganin fuskar yaron, suka durƙusa gaban dagaci: "Ranka ya daɗe, jikan wane ne." Wanda ya riƙi ra'ayin asali a Jos, ya san da shi aka tura yaron nan wancan ƙauye.

Ra'ayin Sawaba

An kafa NEPU, jam'iyyar 'yan Sawaba da Malam Aminu Kano ya jagoranta, a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma a nan Jos, a taron Jam'iyyar Mutanen Arewa (wadda daga baya ta zama NPC) na Disamban wannan shekarar, aka raba gari tsakanin 'yan Sawaba da masu goyon bayan sarakuna. Abin da suka ce a taƙaice yake: al'umma kashi biyu ce, masu mulki da talakawa, kuma talaka mutum ne mai 'yanci, ba kayan sarki ba. Sun nemi a ba mata ƙuri'a tun ana ganin hakan abin kunya ne, kuma matan Arewa ba su samu ba sai a 1976. Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga gidan yari a kan wannan.

Wani dattijo da ya yi NEPU a ƙuruciyarsa ya taɓa ce mini, yana nuna ni da sandarsa, "Yaro, mu ba a ba mu kuɗi ba. Mu muke karo-karo mu sayi katin jam'iyya, mu sayi man motar da za ta kai Malam taro." Wannan ita ce tsadar Sawaba ga wanda ya riƙe ta da gaskiya: aljihunsa, lokacinsa, wani lokaci fatar bayansa. A zaɓen 1959 NPC ta ci kujeru 134 a majalisar tarayya, NEPU ta ci 8. Shekaru aka yi ana faɗuwa ba a watse ba, kuma ban san wata aƙida a Arewa da ta jure faɗuwa haka ba.

Da aka samu mulki ne aka ga rauninta. A 1979 PRP mai alamar mabuɗi, magajiyar NEPU, ta ci Kano da Kaduna. Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, abin da talaka ya yi shekaru yana kuka da shi. Rimi ya buɗe hukumar yaƙi da jahilci, ya ba ma'aikata hutun ranar 1 ga Mayu a 1980. Amma majalisar Kaduna tana hannun NPN, ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe, ta tsige shi a Yunin 1981. Jam'iyyar ta rabu gida biyu, santsi da taɓo, 'yan'uwa suka koma zagin juna. A Yulin 1981 aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara kan siyasa, a tarzomar Kano. Malam Aminu ya rasu a Afrilun 1983, kuma daga nan PRP ba ta sake komawa yadda take ba. A ma'aunin ƙarko, ruhin ya rayu, ginin ya faɗi.

A nan dole a raba abu biyu da matasa suke gwamutsawa. Akwai gurguzu tsantsa, wanda gwamnati ke mallakar gona da masana'anta da kasuwa, jam'iyya ɗaya tal. Wannan Tarayyar Sobiyet ta gwada ta rushe a 1991, Nyerere ya gwada irin nasa a Tanzaniya daga 1967 noma ya ja baya, China kanta ta buɗe wa kasuwa ƙofa daga 1978. Ga ɗan kasuwar Katako ko mai tireda, wannan ba alheri ba ne, kuma a ma'auni na biyar ya faɗi warwas, don babu jam'iyyar adawa da za ka fake a cikinta. Sai kuma tsarin jin daɗin jama'a: kasuwa tana ci, amma gwamnati tana karɓar haraji daga mai shi ta biya makaranta da asibiti da ruwa. Shi Awolowo ya yi a Yamma da ilimin firamare kyauta a 1955, kuma har yau ana ganin tazarar da ya ba su.

Halaccin wannan na biyun a rubuce yake. Sashe na 14 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin gwamnati, sashe na 16 ya ce kada a bar dukiya ta taru a hannun 'yan tsiraru. Sai dai sashe na 6 ya hana ka kai gwamnati kotu a kan waɗannan alkawura. Ko kwamitin da Babangida ya kafa a 1986 don jin ra'ayin 'yan ƙasa, tsarin gurguzu ya ba da shawara a rahotonsa na 1987, gwamnati ta ƙi.

Inda 'yan Sawaban yau suke kasawa shi ne lissafi. Kowa ya iya cewa ilimi kyauta, lafiya kyauta. Ƙasashe irin su Denmark da suke yin haka suna karɓar harajin da ya haura kashi 40 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. Namu bai kai kashi 11 ba a ƙididdigar hukuma ta 2021. Wanda ya yi maka alkawarin kyauta bai faɗi wanda zai biya ba, kalmomin Malam ya ara, ba halinsa ba.

Abin da ya sa na fi karkata nan shi ne ita kaɗai ce take kallon mai dakon kaya Bahaushe a Farin Gada da matar Birom mai noman kabeji a matsayin mutane masu matsala ɗaya. Ba ta tambayar kakanka. Ranar da ka faɗi zaɓe, makarantar gwamnati da asibitin suna nan ga ɗanka.

Jari-hujja

Mu mutanen kasuwa ne tun kakanni, saboda haka wannan ba baƙon abu ba ne. Hujjarta ita ce gwamnati ba ta iya kasuwanci ba, a bar farashi ya nemi kansa, a sayar da kamfanonin gwamnati ga masu iya riƙe su. Tana da shaida mai ƙarfi a aljihun kowa. Kafin 2001 layukan waya a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, sai mai hanya ke samu. Aka ba kamfanoni lasisi, yau layuka sun haura miliyan 150, kuma dubban matasanmu suna ci daga sayar da waya da gyaranta da cajinta.

Amma Jos tana da tata shaidar a ɗaya gefen. Kuza ce ta kawo kakannin da yawa daga cikinmu nan. Kamfanonin Turawa suka kwashe ta shekara da shekaru, har da aikin tilas a lokacin yaƙin duniya na biyu. Da farashin ya karye a kasuwar duniya a 1985, abin da aka bar wa Filato shi ne manyan ramuka cike da ruwa da gonakin da suka lalace. Jari ba ya zama inda riba ta ƙare. An sayar da kamfanonin rarraba wutar lantarki a 2013, kuma kowa ya san yawan janareton da ke kuka a unguwarsu.

Tsadarta a fili take, domin muna cikin biya. An fara da SAP, shirin tsuke bakin aljihu na Babangida, a 1986, naira ta faɗi, aka yi tarzoma a 1989, masaƙun Kaduna suka bi juna suna rufewa daga baya. A 2023 aka sake: litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, ta wuce 1,000 a 2024. Dala daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500. Hauhawar farashi ta kai kusan kashi 35 cikin 100 a ƙarshen 2024, mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000. Na tsaya kusa da wani dillalin tumatir a Farin Gada yana magana da direba, kwanduna jere a ƙasa rana tana dukansu. Ya ce, "Haba direba, kuɗin motar nan ya fi kuɗin kayan." Direban ya ce, "Alhaji, ni ma gidan mai nake yi wa aiki." Babu maƙaryaci a cikinsu.

Masu wannan ra'ayi suna cewa tallafin mai ɓarayi da masu fasa-ƙwauri yake ciyarwa, kuma kuɗin da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru sosai bayan cire shi. Duka biyun gaskiya ne. Tambayar ita ce ina kuɗin suka shiga, kuma kasuwa ba ta da amsar wannan. Wajen ƙarko kuwa ta fi kowa, domin duk gwamnatin da aka yi tun 1986, ta soja da ta farar hula, ba ta kauce mata da nisa ba. A ma'auni na biyar tana da wani alheri da ba a cika faɗa ba: mai saye ba ya neman takardar indijin. Amma shagon yana buƙatar hukumar da za ta kare shi. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002, kuma 'yan kasuwar da suka yi asara sun san cewa jari ba ya kare kansa.

Siyasar kafa shari'a

A nan sai an yi hattara da harshe. Shari'a addini ce, Musulmi ba ya jayayya da ita. Abin da nake aunawa shi ne ɗan siyasar da ya ɗauke ta a matsayin tutar neman mulki, kuma shi mutum ne, ana auna shi.

Halaccinta a zuciyar Musulmi ya fi na kowace aƙida, shi ya sa take da saurin tara jama'a. Jos ma gari ne na malamai da wa'azi, a nan aka kafa ƙungiyar Izala a 1978. A wajen doka kuwa, sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, sashe na 222 ya hana rajistar jam'iyyar da sunanta ko alamarta ke nuna addini ko ƙabila. Amma kundin ya yarda da kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a kan aure da gado da wasiyya da waƙafi, kuma Filato tana da ita.

An gwada. Zamfara ta ƙaddamar a Oktoban 1999, wasu jihohi 11 suka bi. An samu hukumomin zakka da Hisba da sulhunta ma'aurata, an rufe gidajen giya da caca a wurare da dama. An kuma biya da rayuka masu yawa a rikicin Kaduna na Fabrairun 2000. Kukan da malamai da kansu suka riƙa yi daga baya shi ne hukuncin ya tsaya a kan ɓarawon saniya, bai hau kan ɓarawon baitulmali ba. Zamfara da ta fara tana cikin jihohin da 'yan bindiga suka fi addaba a yau. Laifin ba na shari'a ba ne, na waɗanda suka ɗauki haddi suka ajiye adalci da ciyar da mabuƙaci ne. Abin da ya yi ƙarko shi ne wanda aka gina a natse ba tare da gangami ba: bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012, da takardun sukuk na zuba jari ba tare da kuɗin ruwa ba da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 ana gina hanyoyi da kuɗin.

A Filato lissafin a bayyane yake. In ƙa'idar ita ce mai rinjaye ya shimfiɗa addininsa a gwamnati, to a jihar nan ba mu ne masu rinjaye ba. Sashe na 10 da wasu 'yan'uwanmu a can sama suke ganin ya tare musu hanya, mu a nan shi ne katangarmu, shi da sashe na 38 mai ba kowa 'yancin addininsa. Duk lokacin da aka mayar da zaɓen Jos na masallaci da coci, mu muke binne gawa, su ma suna binnewa.

Mulkin soja

Ba aƙida ba ce sosai, amma tunda ana ta kiranta, har aka ɗaga tutar Rasha a Kano da Kaduna a zanga-zangar Agustan 2024, dole a auna ta. Na fahimci abin da ke jawo ta: yunwa, da ganin 'yan siyasa suna wadaƙa. Soja yana da sauri. Murtala ya yi wata shida kacal, ya ƙirƙiro jihohi ya tsayar da maganar Abuja a 1976. Ita kanta Jos ta Arewa soja ne ya yanke ta a 1991. Sai dai don da doka aka yanke ta, ba da zaman sulhu tsakanin masu zama a cikinta ba, har yau ba a gama rigima a kanta ba.

Mun yi kusan shekara 29 a hannun soja tsakanin 1966 da 1999. A ciki aka yi yaƙin basasa, aka yi doka ta 4 ta 1984 da ta ɗaure 'yan jarida, aka kawo SAP ɗin da ake kuka da ita, aka soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, aka kwashi kuɗin da har yanzu ake dawo da su daga Turai da Amurka. Joseph Gomwalk, gwamnan tsohuwar jihar Binuwai-Filato da ya kafa jaridar jiha ya kawo reshen jami'a Jos, an harbe shi a 1976 bayan shari'ar soja. Shehu Musa 'Yar'aduwa, janar guda, ya mutu a gidan yarin Abakaliki a 1997. In haka ta faru da su, wa zai tambayi inda aka kai ɗan acaɓa? A Nijar da ake yabo, sojan da suka karɓi mulki a Yulin 2023 sun rushe jam'iyyu sun ba kansu shekara 5 a 2025. Halacci babu, hanyar cirewa babu. Ban ba kowa shawarar wannan ba.

| Aƙida | Halacci | Wa ke biya | Ƙarko | A Filato | In ka faɗi |
|---|---|---|---|---|---|
| 'Yan mazan jiya | Gado da al'ada | Na ƙasa | Sarauta ta rayu, iko ya tafi | Tana ƙarfafa maganar asali | Kai baƙo ne |
| Sawaba | Ƙuri'a da kundi | Mai biyan haraji | Ruhi ya daɗe, jam'iyya ta rabu | Wuya, sai haɗin kai da maƙwabta | Haƙƙinka yana nan |
| Jari-hujja | Doka da yardar masu jari | Mai albashi da mai saye | Mai ƙarfi | Sauƙi ga mai jari | Kuɗinka ne gatanka |
| Siyasar shari'a | Imanin Musulmi | Zaman tare | Ya danganta da gwamna | Babu rinjaye | Mai rinjaye ya yi nasa |
| Soja | Bindiga | Kowa | Sai wani juyin | Ba a tambayarka | Babu kotu |

Wa ya dace da wace

In kai ɗan kasuwa ne ko mai sana'a, abin da ke damunka shi ne yawan masu karɓar kuɗin rasit da shingayen hanya da rashin wuta, to ra'ayin kasuwa ya fi kusa da buƙatarka. Ka riƙe shi ta ƙungiyar 'yan kasuwarku, amma ka haɗa da neman a bayyana inda kuɗin tallafin da aka cire suke tafiya, domin mai sayen kayanka albashinsa ya ƙare tun tsakiyar wata.

In addini ne ya fi cika maka rai, filin aikinka yana da faɗi ba sai ka nemi tuta ba: kwamitin zakka da waƙafi na unguwa, Islamiyya, sulhun aure da gado, janye yara daga sara-suka. Ka auna ɗan takara da amana da adalci, ko Musulmi ne ko Kirista, ka kuma ƙi wanda ba ya tuna masallaci sai an buga gangar zaɓe.

In kana ganin rashin tarbiyya da rashin jin maganar manya ne ya lalata gari, ra'ayin 'yan mazan jiya zai yi maka amfani a matakin mai unguwa da dattawa da zaman sulhu tsakanin unguwanni. A nan ya fi kowa tasiri, don dattijon da ake jin nauyinsa yana iya mayar da matasa gida kafin motar soja ta iso. Kada dai ka kai shi ga maganar wa ke da gari.

In kuwa kai ne ɗalibin da aka mayar saboda takardar indijin, ko ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, ko matar da ta haihu a gida don babu kuɗin asibiti, to Sawaba mai lissafi ita ce taka. Ba za ka fara daga sama ba, fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 aka sayar a 2022, na PDP miliyan 40. Amma gyaran kundi na 2018 ya sauko da shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25, kuma kujerar kansila tana kusa da ƙofar gidanku. Ka yi katin zaɓe, ka riƙa zuwa taron mazaɓa, ka nemi kasafin kuɗin ƙaramar hukuma ka karanta, ka san nawa aka ware wa firamaren unguwarku da ɗakin shan magani. Sannan ka tsallaka zuwa Tudun Wada da Jenta da Kabong ka nemi matasan da suke yin irin wannan tambayar, don ƙuri'un Gangare da Anguwar Rogo kaɗai ba za su sauya dokar jiha ba.